Gemun Yaya

Ni na kayar da shi, gara in faɗa tun yanzu kafin wani ya ɓata tausayinsa a kaina. Yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya, ya ba ni shekara huɗu, kuma mu biyu ne kaɗai wurin iyayenmu. A Landan aka haife mu, a unguwar Edmonton muka tashi, hawa na shida a wani benen hayar ƙaramar hukuma, wato council, da liftarsa ke aiki ran da ta ga dama.

Tun da na yi wayo ban taɓa jin Baba ya kira sunan Yaya ba. Ɗan fari ne, Baba kuwa mutumin da ne. Malamin firamare ne a gida kafin ya zo nan ya kama tuƙin bas, kuma kunyar ɗan fari yadda ya taso da ita haka ya sauke ta a Ingila. "Kai," zai ce, ko kuma "yaron nan." Umma ta sha zaunar da Yaya tana masa bayani, cewa kunya ce, haka ake yi a gida, ita ma ai ba ta kiran sunan nasa, ba ƙi ba ne. Yaya ya gyaɗa kai ya amsa mata da Turanci, don Hausarsa ta ji ce kawai, in ya zo mayarwa sai harshen ya sarƙe. Da farko gaskiya Umma take faɗa. Amma da wasan nan ya shigo gidanmu abin ya wuce kunya, kowa ya gani, ita ma ta daina bayanin.

Hoki ake ce masa, na kan ƙanƙara. Mutum shida-shida ne, kowa da takalmi mai ƙarfe a ƙasa kamar bakin wuƙa, da sanda mai lanƙwasa, suna korar wani ɗan faifai na baƙar roba mai taurin tsiya su jefa a raga. Makarantar su Yaya ce ta kai su filin ƙanƙara yana shekara tara, wani koci ya ga yadda yake faɗuwa yana tashi ba kuka, ya ara masa kaya, shi ke nan aka rasa shi. Gola ya zama. Shi ne wanda ake wa jifa da faifan nan yana tarewa da ƙirji da gwiwa da kwalkwali. Da ya girma wata ƙungiya a arewacin Landan ta ɗauke shi tana biyansa, ba wani abin kirki ba, da rana yana aikin haɗa kabad ɗin kicin a gidajen mutane.

Baba bai taɓa zuwa kallo ba, ko sau ɗaya. "Mutum da hankalinsa ya biya kuɗi ya shiga firij don ya ga ƙato yana sulɓi?" Haka yake cewa, abokansa su yi ta dariya. Jakar kayan wasan ya hana a shigo da ita ɗaki, wai wari, kuma wallahi tana da wari, a baranda take kwana rani da sanyi. Duk wasan da za a yi a filinsu Yaya sai ya maƙale tikiti ɗaya a jikin firij. Shekara da shekaru yana yi, har bayan ya bar gidan ya kama ɗaki a Tottenham. Baba yakan cire tikitin bayan cin abinci, ya lanƙwasa gefensa ya yi sakace da shi, ya bar shi a faranti. Ni nake kwashe farantan.

Abu ɗaya Yaya yake nema, kuma duk gidan mun san shi. So yake Baba ya dube shi ya ce, "Allah ya yi maka albarka." Baba ba marowacin wannan kalma ba ne a waje. Yana faɗa wa mai naman Baturke in ya cire masa kitse, yana faɗa wa fasinjan da ya tashi ya ba tsohuwa kujera. Yaya ya kai shekara ashirin da tara bai ji ta ba.

To ni fa? Bari in faɗi nawa, don ba haka kawai na tashi da mugunta ba. Ina shekara goma sha biyu Baba ya ce ba zai yi asarar 'ya'ya biyu ba, ya sa ni a jirgi zuwa Kano wurin ƙanwarsa, makarantar kwana. Yaya ne ya yi laifi, ni aka kora. Shekara shida na yi ina shan duka da gori, 'yar Landan ba ta iya tsugunno ba, 'yar Landan ba ta iya wanki ba, har na iya komai na fi masu gorin. Na dawo da Hausa a bakina rangaɗau, da hijabi, da hizifi goma a ka. Na yi karatun haɗa magunguna a jami'a a unguwar Bloomsbury. Ni ke cika wa Baba takardu, ni ke masa booking na asibiti, ni ke tsaya masa a waya da 'yan council ana sa ni jira har batir ya mutu. Ladana kullum ɗaya ne: "Haka ya kamata." Ranar da aka ba ni digiri Baba yana da shift a wurin aiki, ya ce ba a canzawa. Umma ce ta zo ita kaɗai, da robar dambun nama a jaka.

Duk da haka ni nake zuwa kallon Yaya. Ina son wasan, kada a ce ban faɗa ba. Ina son ƙarar takalman in sun yanki ƙanƙara, da yadda yayana, wanda a gida ko tari ba ya iya yi da ƙarfi, yake cika raga yana daka wa Turawa tsawa suna bin umarninsa.

Shekarar da nake ba da labari ƙungiyarsu ta kai zagayen ƙarshe na kakar wasa, sili ɗaya ƙwale, wanda aka doke ya tafi gida. Wata ranar Lahadi ya ɗauko ni a motar aikinsa na ga fuskarsa ta yi duhu, na ce, "Yaya, reza ta yi tsada ne?" Ya yi dariya ya ce al'adar 'yan hoki ce. Daga ranar da ƙungiya ta tabbatar ta shiga wannan zagaye babu mai askewa, daga kyaftin har mai gyaran takalma, sai an fitar da su ko sun ɗauki kofi. Wanda ya aske, in aka yi rashin nasara shi ya jawo. Na ce camfi dai, ya ce eh, camfi ne, amma ba shi zai fara karyawa ba.

Sati biyu bayan haka aka ga watan azumi.

Ran Litinin-Litinin yake zuwa shan ruwa gida. Litinin ta farko Baba ya ɗan dube shi ya kawar da kai. Ta biyu gemun ya cika, baƙi wuluk, ya haɗe da saje, ya yi masa kyau ƙwarai, abin haushi. Muna zaune a ƙasa an shimfiɗa leda, Baba yana duba lokaci a waya. Da lokaci ya yi sai ya ɗauki dabino ɗaya, maimakon ya kai bakinsa, ya miƙa hannu ya tsallake ni, ya tsallake jug ɗin kunu.

"Yaron nan, ungo."

Yaya ya karɓa da hannu biyu. Umma ta sunkuyar da kai tana juya cokali a kofin da babu komai a ciki. Bayan sallar magariba na ji Baba a kicin yana ce mata ƙasa-ƙasa, "Kin ga fuskar yaron nan kuwa? Addu'ar da nake yi ce. Ban faɗa masa komai ba fa, shi da kansa."

Lifta ta mutu ranar, don haka na raka Yaya ta matakala. A hawa na huɗu na tare shi na ce, "Ka san abin da yake tsammani ko? Ya ɗauka sunna ka tsayar. Ka koma ka gaya masa." Ya tsaya yana shafa gemun. Ya ce da Turanci in bari a gama wasannin tukuna, zai san yadda zai yi. Sannan ya buɗe hannunsa ya nuna min ƙwallon dabinon, ashe bai yar ba. Ƙato mai shekara ashirin da tara, da ƙwallon dabino a tafin hannu yana murmushi kamar wanda aka ba kujerar Makka. Abin ya ba ni tausayi, ya kuma ba ni haushi, kuma haushin ya fi daɗewa.

Daga nan abubuwa suka yi ta gudu. Baba ya aika Umma ta gaya wa Yaya ya zo su je Juma'a tare. Ya zo. Baba ya fito da hularsa ta zuwa ɗaurin aure ya kafa masa, ya shafa masa turarensa a gemu da yatsunsa. A masallaci, in ji Umma, sai da ya zagaya da shi wurin kowa. Tikitin da ke jikin firij kuwa ba a je da shi kallo ba, amma ba a yi sakace da shi ba, yana nan a maƙale.

Akwai abin da na gani wanda ban gaya wa kowa ba sai yau. Wata Laraba na dawo aiki da wuri, Baba yana kan hanya da bas, Umma ta tafi kasuwa. Yaya ya zo gyara wa Umma ƙofar kabad, yana da makulli. Na shigo ban yi motsi ba, na hango shi ta gilashin baranda, ya shimfiɗa kwali yana sallar la'asar shi kaɗai. Babu mai kallonsa. Ya daɗe a sujada har na gaji da tsayuwa. Na san ma'anar abin da na gani sarai. Na koma waje na sake shigowa ina buga ƙofa da ƙarfi.

Su Yaya suka yi ta cin wasa. Wasan ƙarshe a wani gari aka yi a tsakiyar Ingila, tafiyar awa biyu a jirgin ƙasa, ran Lahadi da rana, saura kwana kaɗan Sallah. Na je. Ban taɓa ganin an yi wa mutum ruwan jifa irin na ranar ba. Abokan karawar sun fi su gudu, sun fi su ƙarfi, wasan kusan duk a bakin ragar Yaya aka yi shi. Ya tare da ƙafa, ya tare da safar hannu, ya kwanta ya tare da ciki. Sau ɗaya faifan ya same shi a gefen wuya inda kariya ba ta kai ba, ya durƙusa, filin ya yi tsit, ya tashi ya daki ƙarfen raga da sanda aka ci gaba. Na yi ihu har muryata ta dishe, da azumi a bakina. Su Yaya suka ci da ɗaya.

Bayan kofin ƙungiya akwai wata kyauta ta mutum ɗaya, ta gwarzon zagayen, wanda ya fi kowa taka rawa tun daga wasan farko na sili ɗaya ƙwale har na ƙarshe. Aka kira sunan yayana a lasifika, sunan da ba a kira a gidanmu, mai sanarwar ya murɗe shi ya karya, jama'a suka ɗauka suna rerawa. Wani faranti ne na ƙarfe mai sheƙi a kan gindin katako, da nauyi. Ya ɗaga shi sama yana neman inda nake. Na sauko bakin gilashi na ɗauke su hoto, su wajen ashirin a jere a kan ƙanƙara, kowa da gemu, ja da ruwan ƙasa da fari-fari, Yaya a tsakiya da nasa baƙi.

Washegari Litinin ƙungiyar gaba ɗaya ta tafi shagon wani Baturke aka yi aski, haka suke yi. Yaya ya turo min bidiyon. Ga su nan ana ta zubar da gemu suna shewa, shi kuma yana tsaye a bakin ƙofa da nasa, suna jansa zuwa kujera yana tirjewa yana dariya. Na rubuta masa, "Kai fa?" Ya amsa da Hausa, abin da bai saba ba: "Zan bar shi."

Baba ya ce za a yi walima ran Asabar ɗin bayan Sallah. Walimar me? Ta godiya ga Allah, in ji shi. Ya je wurin aiki ya roƙi wani ɗan Jamaika suka yi musanyar shift. Ashe ana canzawa! Ya hau bas biyu har Old Kent Road ya sayo daddawa da yaji da zoɓo, ya sa mai nama ya yanka masa rabin rago. Kuma ya ce wa Umma ta gaya wa yaron nan ya taho da abin nan da aka ba shi, mutane su gani.

Wa zai dafa? Ni mana. Tun da safe nake tsaye a kan tanda ina juya waina, mai yana fallatsa min a hannu, Umma tana kan miyar taushe. Ina juyawa ina tuna robar dambun nama a Bloomsbury. Shekara shida a Kano, shekara huɗu a jami'a, ba a taɓa yanka min ko kaza ba. Shi ya ƙi sayen reza sati bakwai an yanka masa rago. Na cika na yi fam, kuma ban yi ƙoƙarin hucewa ba, gaskiya ke nan.

Bayan azahar maza suka cika falo, su tara ko goma. Akwai limamin masallacinmu, akwai wani likita, akwai wani Alhaji mai harkar kago, wato aika kaya zuwa gida, mutum mai bakin tsiya wanda ba ya ganin abin dariya ya ƙyale. Yaya yana zaune a ƙasa kusa da ƙafar Baba cikin farar shadda da hular nan. Farantin kyautar yana kan teburin tsakiya, tsakanin kwanon nama da jug ɗin zoɓo. Na shigo da tire na biyu na tarar liman yana magana a kan shiriya, cewa Allah ke kawo ta lokacin da ya so. Da ya gama Baba ya gyara murya.

"Ni dai ba ni da abin cewa sai godiya. Azumin bana Allah ya dawo min da ɗana."

Ɗana. A gaban mutane. Na ga kafaɗun Yaya sun motsa. Baba ya ɗora hannun dama a kan hular, ya buɗe baki, kuma na san kalmar da ke tafe, kowa a ɗakin ya sani.

Na ce, "Baba, ba ku ga hoton ranar da aka ba shi ba."

Ban yi tuntuɓen harshe ba. Tun a kicin na buɗe hoton na ajiye wayar a kan tire. Na durƙusa da ladabi na miƙa wa wanda na zaɓa, Alhaji mai kago. Ya gyara tabarau, ya buɗe hoton da yatsa biyu, ya bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya.

"To fa! Malam, ai ba ɗanka kaɗai ba ne. Waɗannan Turawan su ma duk sun musulunta ne? Kai, azumin bana ya yi albarka!"

Aka yi dariya, ta marasa sanin dawan garin. Wayar ta fara zagayawa. Likita ya tambaye ni, ni kuma na ba da amsa da tattausar murya, da Hausar da aka tura ni Kano na koyo. Na ce ai al'adarsu ce, in an shiga zagayen ƙarshe ba mai askewa, camfi suke yi wai aski yana kawo faɗuwa, tun kafin a ga wata suka fara. Na faɗi komai daidai, ban ƙara ko kalma ba. Na dai rage.

Wayar ta iso hannun Baba. Ya ɗauke hannunsa daga kan hular ya karɓa. Ya daɗe yana kallo.

Yaya ya ɗago ya fara magana da Turanci, da sauri. Baba bai dube shi ba ya ce, "Da Hausa." A gaban baƙi ba a Turanci a gidanmu, doka ce tun muna yara. Yaya ya ce, "Baba, da farko... amma yanzu... ni na bar..." Sai Hausar ta ƙare masa. Ya tsaya da baki buɗe yana neman kalma a fuskokin mutane, har ya zo kan tawa. Ina da kalmomin duka, da na ga dama da na ara masa. Na ɗauki tire na koma kicin.

Liman ya yi ƙoƙari, Allah ya saka masa. Na jiyo shi yana cewa ko da me aka fara, abin dubawa shi ne inda aka dosa. Amma Alhaji mai kago ya riga ya samu abin yi, yana ta cewa shi ma zai bar gemu ko kayansa sa daina maƙalewa a tashar jirgin ruwa. Kafin la'asar kowa ya tuna yana da uzuri. Naman ko rabi ba a ci ba.

Ina wanke-wanke Baba ya shigo kicin. Yaya ya biyo shi ya tsaya a bakin ƙofa, hular a hannu. Baba ya ce da ni, "Ke ba kya min ƙarya. In an gama wasan askewa suke yi?"

Na ce, "Eh, Baba."

"To an gama kwana shida. Me ya sa nasa yake nan?"

Ashe ya lissafa. Ashe yana neman ƙofar da zai bi ya yarda da ɗansa, kuma ni ya tambaya ta ina take. Wayar tana aljihun rigata, bidiyon shagon aski yana ciki, da saƙon nan mai kalma uku. Barandar da na ga sujada tana bayana, taku biyu.

Na ce, "Sai sun gama bukukuwan kofi. Wannan satin za su aske."

"Har shi?"

"Har shi."

Ban kalli ƙofa ba. Na ji dai numfashin Yaya ya fita.

Baba ya tafi ɗaki ya dawo da kilifarsa ta aski da tsohuwar jarida. Ya shimfiɗa jaridar a tsakiyar kicin, ya ɗora kujerar da Umma ke zama in tana yankan alayyafo. Ya ce, "Kai, zauna. Ba za a yi wasa da sunna a gidana ba, kuma ba za a jira sati ba." Umma ta ce, "Malam, don Allah," ya ce ta shiga ɗaki, ta shiga.

Yaya ya fi Baba tsawo da faɗi, da hannu ɗaya zai iya ɗaga shi ya ajiye gefe. Ya zauna. Soket ɗin kicin ɗinmu ya daɗe da sakwarkwacewa, sai an danne filogi yake kawo wuta, na kai ƙara council har na gaji. Baba ya soka, kilifa ta yi ƙara ta mutu. Ya ce, "Ke, riƙe min." Na goge hannuna na danne filogin da babban yatsa.

Ya kama haɓar Yaya da hannun hagu ya ɗaga fuskar sama. Ya fara daga saje. Gashin yana zuba a kan farar shadda, yana zuba a jarida, ƙamshin turaren Baba yana tashi daga cikinsa. A gefen wuya tabon faifan nan ya fito, ya yi baƙi ya kumbura, Baba ya bi ta kansa bai tambaya ba. Abin da ba zan manta ba shi ne, Yaya ya rufe ido ya kwantar da kuncinsa a cikin tafin hannun. Ba ja da baya yake yi ba, matsowa yake. Rabon da Baba ya riƙe fuskarsa haka, ina jin tun yana jariri, in ma ya taɓa. Da na saki yatsana da kilifar ta tsaya. Yatsan ya yi sanyi, ya yi tsami, ban saki ba har aka gama.

Baba ya ce, "Ɗauki abinka ka tafi." Yaya ya kakkaɓe rigarsa, ya naɗe jaridar da kansa ya sa a shara, ya ajiye hular a kan firij, ya yi wa Umma sallama ta bayan ƙofa. Farantin bai ɗauka ba. Har yau yana gidan. Da zafi Baba yakan tokare ƙofar baranda da shi don iska ta shigo, gefensa duk ya lotsa.

Yaya ya ƙara kakar wasa ɗaya ya bar hoki, gwiwa ta hana. Yana zuwa gaisuwa ran Sallah da fuska a goge tas, ya durƙusa, Baba ya ce, "Lafiya lau," shi ke nan. Tikiti bai sake hawa firij ba. Ko yana sallah yanzu, ban sani ba, ba ni da bakin tambaya.

Bara ya zo haɗa min kabad a sabon flat ɗina. Yana kwance a ƙasa kansa a cikin kabad, ni ina miƙa masa kusoshi, shi ya sa na iya tambaya, don ba na ganin idonsa. Na ce, "Yaya, bidiyon nan yana wayarka kai ma. Me ya sa ba ka nuna masa ba?" Ya ci gaba da ɗaure kusa har na zaci bai ji ba. Sannan ya amsa da Hausa, a hankali, tiryan-tiryan, yadda mutum ke faɗin abin da ya daɗe yana maimaitawa shi kaɗai.

"Da na nuna, da ya rasa mu duka biyu a rana ɗaya."

Ya miƙo hannu, na sa masa kusa.

Baba ya yi ritaya yanzu, ga hawan jini ga suga. Duk Asabar nake zuwa in jera masa magungunan sati a 'yar robar nan mai gida bakwai. In da baƙo a falo sai ya nuna ni ya ce, "Wannan ba ta taɓa min ƙarya ba." In na gama na rufe robar na miƙa masa, sai ya dube ni ya ce, "Allah ya yi miki albarka." Tun ranar walimar nan ya fara, bai taɓa fashi ba. Ni kuma in ce amin.